Ruwan Gobe a Tungar Ango

A daminar shekarar dubu biyu, ana saura wata guda da 'yan kwanaki ƙasa ta cika shekara arba'in da samun 'yancin kai, ofishin kula da kogi ya turo Bunyaminu Usuman zuwa Tungar Ango. Ya sauka da kwamfuta a cikin kwali, da batir biyu, da faifan da ke zuƙar hasken rana, da wata na'ura mai kama da 'yar taɓarya wadda aka ɗaura wa doguwar waya a wutsiya. Tungar Ango ƙauyen masunta ne a bakin kogin Kwara, cikin ƙasar Bagudo, inda mutum zai tura jirginsa bayan azahar ya yi la'asar a ƙasar Benin. Bunyaminu ba baƙo ba ne a nan. Garin kawunnansa ne, kuma mutumin da na'urar ta zo ta gada wan mahaifiyarsa ne, Kawu Lauwali.

Kawu Lauwali ya fara aikin awon kogi a satin da aka sauke tutar Turawa. Wani Bature da ke harhaɗa kayansa ya miƙa masa littafi da fensir, ya nuna masa wani dogon ƙarfe mai zane-zane da aka kafa a cikin ruwa, ya ce ya riƙa duba shi kullum ƙarfe bakwai. Bature ya tafi, gwamnatoci suka zo suka wuce, Kawu bai fasa ba. Kowace safiya zai tuƙa jirginsa har gindin ƙarfen, ya rubuta lamba, ya dawo ya faɗa wa mai keke, mai keke ya kai wa manoman shinkafa na fadamun Kaoje don su san ko za su yanke ko za su jira. Littafi ɗaya kowace shekara. Yanzu sun kai arba'in, jere a kan katako a ɗakinsa, ya fi kula da su fiye da yadda wasu ke kula da 'ya'yansu.

Ofis ya yanke cewa ran ɗaya ga Oktoba Kawu zai huta, na'ura ta karɓi aiki. Amma an yi masa alkawari guda: za a shigar da littattafan nan arba'in cikin kwamfuta, su zama tarihin kogin, da sunansa a kai. Sharaɗin kawai, Injiniya Atiku, shugaban sashen, zai zo ya gwada awon na'ura da na littafi na wata guda, in sun yi daidai shi ke nan. Kawu ba shi da gona mai suna, ba shi da gidan siminti. Wannan alkawari shi ne abin da yake jira a duniya, kuma bai ɓoye wa kowa ba.

To amma na'ura ba ta jin yaren kwamfuta, kwamfuta ba ta jin nata. Sai an rubuta musu tafinta, wani ɗan tsari da zai zauna a cikin kwamfutar yana karɓar abin da na'ura ta faɗa yana juya shi zuwa mita da santimita. Masu sana'ar suna ce masa direba, kuma rubuta shi ne aikin Bunyaminu. Da na'urar sabuwa ce, da aikin kwana biyu ne, domin takardarta za ta bayyana komai. Amma ofis ya ga arha. Gwanjo ce aka sayo daga Kwatano, ta tsallako iyaka a bayan a-kori-kura, takardarta kuwa shafi ɗaya ya rage, da Faransanci, shi ma ruwa ya cinye rabinsa. Wanda ya sayo ta ya sami yabo, Bunyaminu ya sami ciwon kai.

Aka zura ta cikin bututu aka nutsar a gindin gaɓa, aka ja wayar zuwa wani ɗan ɗaki mai rufin kwano. Bunyaminu ya zauna yana kallon abin da take turowa. Kowane minti lambobi tara, a jere, ba bayani. Ya yi kwana uku yana kwafe su a takarda kamar mai koyon karatun allo. Biyu na farko ba sa canzawa ko kaɗan, ya gane sallama ce kawai na'urar ke yi kafin ta fara magana. Wasu biyu suna hawa da rana, su sauka da yamma, ya ce wannan zafin ruwa ne, ya ture su gefe. Ta ƙarshe tana rawa ba tsari, sai da ya tara sauran ya ga ita ce hatimin da ke nuna saƙo ya iso cikakke. Saura huɗu a tsakiya, su ne ke motsi a hankali tare da kogi.

Kawu yakan leƙo bayan ya dawo daga ruwa, ya tsaya a bakin ƙofa, ba ya shiga.

"Wagga aba taka, tana da ido?"

"Ba ta da ido, Kawu. Nauyin ruwan da ke bisa kanta taka ji."

"To, Allah shi taimake ta. Yau huɗu da ashirin da ɗaya."

Bunyaminu ya rubuta: mita huɗu da santimita ashirin da ɗaya. Haka suka yi ta yi, lambar Kawu a hagu, ta na'ura a dama, har ya gano da me ake raba lambobin nan huɗu su ba da mita. A sati na biyu kogi ya kwanta, bai hau ba bai sauka ba, sai ga direba yana faɗin abin da Kawu ya faɗa, santimita bai kuskure ba. Ranar Bunyaminu ya ci tuwon shinkafa malmala uku, matar Kawu, Inna Tasallah, tana tsokanarsa wai ashe 'yan birni ma suna da ciki.

Sai ruwan sama ya sauka a yamma, kogi ya fara tasowa, lissafi ya watse. Kawu ya ce huɗu da talatin da takwas, kwamfuta ta ce huɗu da talatin da biyu. Washegari tazarar ta zama tara. Jibi ta koma huɗu. Da a ce tazarar ɗaya ce kullum, da da sauƙi, sai a ce an nutsar da na'ura ƙasa ko sama da inda ya kamata. Amma wannan yau fari gobe tsumma.

Kowa ya san abin da ya kamata mai hankali ya yi a nan: ya shiga jirgi ya je ya dubi ƙarfen da idonsa. Bunyaminu bai yi ba, kuma tunanin ma bai zo masa ba. A shekara arba'in ba wanda ya taɓa bin bayan Kawu Lauwali ya duba awonsa, balle ɗan ƙanwarsa da ya goya a kafaɗa. Don haka ya ɗora laifin a kan kansa. Ya ce ko ya juya lambobin ne, ta gaba ta koma baya. Ya gyara, abin ya ƙara lalacewa. Ya ce ko zafin ruwa ne ke ruɗa na'urar, ya ƙara lissafin zafi, ba abin da ya canza. Ya zargi wayar, ya yanke bakinta ya sake haɗawa. Ya zargi batir. Kwana tara yana wannan, har ya fara tunanin ko karatun da ya yi a Zariya asarar takalmi ce.

Rana ta goma ya ciro na'urar daga kogi, ya aro ganga daga masu shanya kifi, ya cika ta da ruwa, ya ɗaura na'urar a sanda yana nutsar da ita kaɗan-kaɗan, yana aunawa da tef ɗin tela. Santimita goma, kwamfuta ta ce goma. Hamsin, ta ce hamsin. Tamanin da bakwai, ta ce tamanin da bakwai. Ya maimaita sau uku. Mutum ya kamata ya yi murna in ya tabbata aikinsa ba shi da aibi, amma Bunyaminu bai yi murna ba, domin in direba na da gaskiya, to saura mutum ɗaya.

Da safe ya ce wa Kawu yana son ya raka shi, wai ya gaji da zaman ɗaki. Kawu ya dube shi ɗan lokaci, ya matsa masa wuri a jirgi.

Ruwa ya yi ja, yana gudu da ƙarfi. Da suka isa, Kawu ya riƙe ƙarfen da hannu ɗaya, Bunyaminu ya sunkuya ya duba. Huɗu da sittin da biyu, zanen a fili, ko makaho ya shafa zai faɗa. Kawu kuwa kallo ɗaya ya yi wa ƙarfen. Sai ya juya yamma, wajen Benin, ya daɗe yana kallon kainuwa da karan gero da ruwa ya kwaso. Ya ɗebi ruwa a tafin hannu, ya sansana, ya murza tsakanin yatsunsa. Sannan ya ciro littafi daga aljihu ya rubuta huɗu da saba'in da biyar.

"Kawu, ni sittin da biyu nig gani."

"Ni ma ita nig gani. Idona lahiya lau."

"To saba'in da biyat fa, daga ina?"

"Daga gobe," in ji Kawu, kamar wanda aka tambaya hanyar masallaci. Ya saki ƙarfen ya bar jirgi ya ɗan bi ruwa. "Shekarata ta biyu ga aikin ga, nig ga biyat da goma, nib ba mai keke biyat da goma. Kahin shi kai Kaoje rana ta yi tsaka. Kahin a tara mutane a wasa lauje, gari ya waye. Ruwan da nic ce musu shina ga gwiwa, sunka iske shi ga ƙirji. Shinkahwa tat tahi. Wata mata Atika taz zo har nan da ƙahwa, tac ce min, Lauwali, awonka gaskiya na, amma mi za ni ci da shi? Tun ran nan, in kogi na tasowa, ruwan gobe nika ba su."

"Ai da sai ka ba su na gobe, ka rubuta na yau, Kawu."

Kawu ya daina tuƙi ya dube shi da mamaki na gaske.

"In hwaɗi wani abu da baki, in rubuta wani abu da hannu? Munahuki ni ke?"

Ga mutumin da tsabar gudun baki biyu ta sa ya cika littafi arba'in da lambobin da ofis zai kira ƙarya. Bunyaminu ya tambaye shi ko zai iya tuna ranakun da ya ƙara, da nawa ya ƙara. Kawu ya yi dariya, ya ce ya tambayi Inna Tasallah ko za ta tuna gishiri nawa ta sa a miyar bara.

Saura kwana shida Injiniya ya zo. Bunyaminu ya koma ɗakin kwano bayan hantsi ya zauna gaban kwamfuta. Shaiɗan ba ya zuwa wa mai sana'a da abu mai wuya, da mai sauƙi yake zuwa. Layi huɗu kawai ake buƙata a cikin direban: in ruwan yau ya fi na jiya, a ƙara masa kusan abin da ya hau a kai. Ya rubuta su kafin azahar. Ya bi da su ta kan awon wata guda da ya tara, sai ga lambobin na'ura sun manne da na Kawu, inda suka rabu bai wuce santimita biyu ba. Ba wanda zai gano. Direba yana can ƙasa, inda ba mai leƙawa, duk abin da ya faɗa kwamfuta za ta haɗiye, ofis ya haɗiye daga wurinta. Ya ji daɗin gwanintarsa, ya kuma ji kunyarta, duka a lokaci guda.

Washegari da Kawu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce huɗu da tamanin da takwas, Bunyaminu ya juyo masa da allon kwamfuta. Huɗu da tamanin da bakwai. Ya zaci tsoho zai yi murna.

Kawu ya shigo ɗakin, karo na farko tun da aka kafa kayan. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon lambar.

"Jiya ba ta san na gobe ba, yau ta sani. Wa yag gaya mata?"

"Ni, Kawu. Na koya mata yadda kaka yi."

"Ka koya mata warin ruwa?"

"A'a."

"Ka koya mata kainuwa?"

Bunyaminu ya sunkuyar da kai.

"Shekarar tamanin da takwas kogin ga kwana ukku yay yi kwance, sannan yat taso gaba ɗaya. Ni tun rana ta hwarko naj ji shi ga hanci. Wagga in ta ga jiya shiru, yau shiru, mi za ta ce? Lahiya lau za ta ce. Wata shekara kuma shi yi tsalle ɗaya shi koma, ita ta sa mutane su yanke ɗanyar shinkahwa. Ni in na ƙara, ga ni, a zo a tambaye ni. Ita in ta ƙara, wa za a tambaya? Kai kana birni, ni ina kushewa."

"Kawu, in na cire, littattahanka ba su shiga. Injiniya zai gani."

"Na ji ka, Bunyaminu. Cire."

Ya tsaya a kansa har ya ga lambar ta koma huɗu da saba'in da shida, sannan ya fita. Share layi huɗu bai ɗauki minti ɗaya ba.

Ranar Lahadi, ɗaya ga Oktoba, rediyo na ta waƙoƙin cikar ƙasa shekara arba'in, Injiniya Atiku ya iso da motar ofis da hantsi. An shimfiɗa tabarmi a gindin ƙirya, mai gari ya zo da mutanensa. Kawu ya sa farar rigarsa ta idi. Inna Tasallah ta ƙunshe littattafan a sababbin zannuwa biyu, ƙunshi biyu, an ajiye kusa da motar don a ɗora. Kawu bai gaya mata komai ba.

Injiniya Atiku ba mugu ba ne, mutum ne mai son lamba ta zauna inda aka ajiye ta. Aka shiga ɗakin kwano su uku. Ya buɗe littafin bana kusa da kwamfuta yana bi da yatsa, rana-rana. Sati biyu na farko yana gyaɗa kai. Da ya shiga na uku yatsan ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa.

"Bunyaminu, ka gwada direban naka?"

"Na gwada, Yallaɓai. A ganga, da tef, sau uku."

"To wanne ke daidai, na'ura ko littafi?"

Bunyaminu ya dubi Kawu. Kawu yana kallon ƙofa. A duk rayuwarsa bai taɓa jin kalma ta yi masa nauyi a baki kamar wannan ba.

"Na'ura, Yallaɓai."

Kawu bai jira a tambaye shi ba, ya ba da labarin yadda ya ba Bunyaminu a jirgi, bai rage ba, bai nemi afuwa ba. Injiniya ya saurara har ƙarshe, ya cire tabaransa ya goge.

"Baba, na fahimce ka, kuma na tabbata ka ceci shinkafar mutane ba sau ɗaya ba. Amma da tarihin nan za a auna tsayin gada da bangon tare ruwa. In aka gina a kan lambar da ba a san ina aka ƙara ba, wata rana rai za a rasa. Ba zan iya shigar da su ba. Ko guda." Ya juya wajen Bunyaminu. "Ka sa ranar yau a matsayin farkon awon tashar nan."

Bunyaminu ya buga ranar da yatsunsa. Tarihin Kwara a Tungar Ango ya fara ran ɗaya ga Oktoba, shekarar dubu biyu, da huɗu da casa'in da ɗaya.

A waje an ci gaba da biki, tunda an riga an dafa shinkafa. Injiniya ya yi jawabi, ya yaba wa Kawu da gaske, ya ba shi takardar yabo a cikin gilashi. Motar ta tashi babu ƙunshi ko ɗaya a bayanta. Inna Tasallah ta dubi zannuwanta biyu a ƙasa, ta dubi mijinta, ta shige gida.

Da mutane suka watse, Bunyaminu ya sunkuya zai ɗauki ƙunshi ɗaya. Kawu ya dafa hannunsa.

"Bar su, ni ka kai su. Kai akwai inda za ka. Mai keke ya tahi bikin 'yanci Bagudo, ka ari babur ɗin maƙwabcinmu Yero ka nuhi Kaoje yanzu."

"Na'ura huɗu da casa'in da ɗaya tac ce, Kawu. Sai ruwa ya wuce mita biyat sukan yanke shinkahwa."

"Na san mi tac ce. Gaskiya tac ce. Ka dubi ruwan ga dai."

Bunyaminu ya duba. Shi dai jan ruwa ya gani, da kainuwa, kamar jiya.

"To nawa za ni ce musu?"

Kawu ya ɗora ƙunshi ɗaya a ka, ya rungumi ɗayan a ƙirji. Nauyin ya sa ya ɗan yi tangaɗi kafin ya daidaita.

"Ba ni da lamba yanzu, ɗana, an karɓe. Ka ce musu Lauwali yac ce su yanke yau."

Ya juya ya nufi gida a hankali, farar rigar tana jan ƙasa ta gefe ɗaya. Bunyaminu ya tsaya har ya ga ya shige zaure, sannan ya goge idonsa da hannun riga ya tafi neman Yero.